Wajibcin Zance da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Waiwaye a kan Tarihin Koya wa Kwamfuta Amsa Magana

1.0 Gabatarwa

Duk mai jin Hausa ya san cewa idan aka yi masa sallama, amsawa ta hau kansa. Idan aka kira sunansa, ana sauraron "na'am" daga bakinsa. Idan kuma baƙo ya tambaye shi hanya, ko da bai san ta ba, ba ya wucewa shiru, sai ya tsaya ya ce shi ma baƙo ne a unguwar. Wanda ya yi gum a irin waɗannan wurare bai karya wata ƙa'idar nahawu ba, domin bai furta kome ba balle a ce ya yi kuskure. Duk da haka kowa zai ga laifinsa. Abin da ya tauye shi ne za mu kira wajibcin zance a wannan muƙala, wato nauyin da furucin mutum yake ɗora wa abokin maganarsa, ko wanda mai magana yake ɗora wa kansa da bakinsa, kamar idan ya yi alkawari.

Manufar muƙalar ita ce bin diddigin yadda masana kimiyyar kwamfuta suka yi ta fama da wannan batu tun daga 1966, a ƙoƙarinsu na ƙera na'urar da za ta yi zance da ɗan'adam. Tambayar da ta fi ba su wahala ita ce: idan mutum ya gama magana, me zai sa na'ura ta ce wani abu, kuma me za ta fara cewa? Batun ya shafi manazarcin harshe kai tsaye, domin kwamfuta ba ta da kunya, ba ta da kara, ba ta kuma san ya-kamata ba. Duk abin da ɗan'adam yake yi cikin zance ba tare da ya yi tunani ba, sai an fayyace mata shi dalla-dalla. Saboda haka ta zama wani ma'auni da ake gwada ra'ayoyin masana harshe da shi, a ga mai tsayawa da mai faɗuwa.

2.0 Tushen Batun

Tunanin cewa tambaya tana ɗaure wanda aka yi wa ita ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A jami'o'in Turai na ƙarni na 13 da na 14 akwai wata irin muhawara ta horar da ɗalibai, wadda sunanta a Latin yake nufin wajibai. A cikinta mai tambaya yakan jero maganganu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa mai amsa dole ya yarda, ko ya musa, ko ya ce yana shakka, ba tare da ya saɓa wa abin da ya riga ya amince da shi ba. Walter Burley ya rubuta littafi a kanta a wajen 1302. A kusan wannan zamani ne Shamsuddin as-Samarƙandi ya tsara ladubban bincike da munazara a duniyar Musulmi, inda aka iyakance abin da ya hau kan mai kafa hujja da abin da ya halatta ga mai tambaya. Ba daga waɗannan malamai masu ƙera kwamfuta suka ɗauko darasi kai tsaye ba, amma masanin manɗiƙi na Ostareliya, Charles Hamblin, ya farfaɗo da tsarin na Turai a 1970, ya kuma kawo shawarar a riƙa ɗauka cewa kowane mai muhawara yana da wani rumbu da ake tara duk abin da ya amince da shi.

Tasirin da ya fi ƙarfi ya fito ne daga ɓangare biyu. Na farko shi ne falsafar harshe. Austin (1962) ya nuna cewa furuci aiki ne, ba bayar da labari kawai ba: wanda ya ce "na yi alkawari" ya aikata alkawarin ne da wannan furucin. Searle (1969) ya tsara sharuɗɗan irin waɗannan ayyuka, daga baya kuma ya raba tsakanin furucin da ke ɗaure mai magana da wanda ke neman ɗaure mai sauraro. Grice, a laccocinsa na 1967 da aka buga a 1975, ya kawo ƙa'idar haɗin kai, wato masu zance suna ɗauka cewa kowannensu zai faɗi gaskiya, daidai gwargwado, a kan batun da ake ciki, kuma a fayyace.

Ɓangare na biyu shi ne na masu nazarin hira ta zahiri daga faifan da aka naɗa. Schegloff da Sacks (1973) sun bayyana abin da za mu kira tagwayen furuci: gaisuwa da amsarta, tambaya da amsa, tayi da karɓa ko ƙi. Idan na farkon ya fito, ana jiran na biyun, kuma rashin zuwansa abu ne da ake ji, ana ma iya tuhumar mutum a kansa. A 1974 su biyun tare da Jefferson suka fitar da tsarin karɓa-karɓar magana, wato yadda damar magana take fita daga hannun wani ta koma ga wani. Ya kamata a lura cewa waɗannan ɓangarori biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba. Masu falsafa suna neman dalilin amsawa a cikin zuciyar mai magana, wato niyyarsa. Masu nazarin hira kuwa suna nemansa a fili, a cikin al'adar jama'a. Tarihin da za mu bi, yawancinsa ja-in-ja ne tsakanin waɗannan mahanga biyu.

3.0 Na'urorin Farko

Manhajar ELIZA, wadda Joseph Weizenbaum ya bayyana a 1966 a cibiyar MIT ta Amurka, ba ta san wajibci ba ko kaɗan, amma ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa. Dabararta ita ce ta laluba wata kalma da ta sani a cikin jumlar mutum, ta juya jumlar ta mayar masa da ita a siffar tambaya. Wanda ya ambaci mahaifiyarsa, sai ta ce ya ƙara ba ta labarin iyalinsa. Idan ba ta sami kalmar kamawa ba, sai ta ce ya ci gaba. Weizenbaum ya sa ta kwaikwayi likitan ƙwaƙwalwa da gangan, domin wannan yana cikin 'yan wurare ƙalilan da aka yarda mutum ya amsa tambaya da tambaya ba a ga baikensa ba. Wato ya zaɓa mata matsayin da al'ada ta sauke wa wajibcin bayar da amsa. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne yadda mutane suka saki jiki da ita, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da na'urar a keɓe. Wannan yana cikin abin da ya sa ya rubuta littafinsa na 1976 mai gargaɗi a kan dogaro da kwamfuta.

Waɗanda suka biyo baya sun bi wata hanya. SHRDLU ta Terry Winograd, wadda aka kammala a wajen 1970, tana karɓar umarni a kan wasu 'yan tubala da akwati da aka zana a allon kwamfuta. Idan aka ce ta ɗauki dala alhali akwai dala fiye da ɗaya, sai ta ce ba ta gane wacce ake nufi ba. LUNAR ta William Woods tana amsa tambayoyin masana a kan duwatsun da aka kwaso daga duniyar wata, kuma a gwajin da aka yi mata a birnin Houston a 1971 ta amsa kimanin kashi 78 cikin 100 daidai. GUS, wadda aka bayyana a 1977, tana aikin wakilin sayar da tikitin jirgin sama: tana da gurabe da take son cikewa, kamar garin da za a je da ranar tafiya, tana ta tambaya har su cika. A duk waɗannan, amsawa tana cikin ginin na'urar ne, kamar yadda famfo yake zubo da ruwa idan an murɗa shi. Babu inda aka rubuta cewa na'urar tana da wani nauyi a kanta, kuma ba ta da zaɓin ƙin amsawa balle a ce ta sauke shi.

Illar wannan ta bayyana a aikin Jerrold Kaplan na Jami'ar Pennsylvania a 1979. A ɗauka an yi wa na'ura tambaya irin ta (1), alhali ba a koyar da darasin ba sam a wannan zangon:

(1) Ɗalibai nawa ne suka faɗi darasi kaza a zangon da ya wuce?

Na'urar da ke ƙirga abin da ke cikin ma'ajiyarta kawai za ta ce "babu ko ɗaya". Ba ta yi ƙarya ba, amma ta ɓatar da mai tambaya, domin zai tafi da zaton kowa ya ci. Manhajar Kaplan mai suna CO-OP tana bincika zaton da tambayar ta ginu a kansa, idan ta ga ba shi da tushe sai ta faɗi haka. A nan ne aka fara gane cewa abin da tambaya ta wajabta ya wuce bayar da lafazin amsa.

4.0 Zamanin Niyya da Shiri

A ƙarshen shekarun 1970 wasu masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka ɗauki ra'ayin Austin da Searle suka mayar da shi lissafi. Cohen da Perrault (1979) sun ce tun da furuci aiki ne, to ana iya tsara shi kamar kowane aiki: yana da sharuɗɗan da sai sun cika, yana da sakamako, kuma mai hankali yana jera ayyuka ne don cim ma buri. Allen da Perrault (1980) suka juya abin ta ɓangaren mai sauraro. Misalinsu shi ne ma'aikacin bayar da bayani a tashar jirgin ƙasa. Fasinja ya tambayi lokacin tashin jirgin Montreal, ma'aikaci ya faɗa masa lokacin, ya ƙara da ƙofar da zai bi, alhali ba a tambaye shi ƙofa ba. A bayaninsu, ma'aikacin ya hango shirin fasinja na shiga jirgi, ya ga cewa rashin sanin ƙofa cikas ne gare shi, sai ya kawar masa da cikas ɗin.

Wannan ra'ayi ya yi nasara ƙwarai, domin ya bayyana amsa mai ƙari da kuma roƙo a kaikaice. Amma ya jingina ne a kan zato guda: cewa mai amsa yana rungumar burin mai tambaya ya mayar da shi nasa. Grosz da Sidner (1990) da kuma Cohen da Levesque (1991) sun ƙarfafa wannan zato ta hanyar cewa masu zance suna da shiri na tarayya ko niyya ta tarayya, kamar mutum biyu da ke ɗauke da gungume ɗaya, kowa dole ya sanar da ɗan'uwansa idan zai sauke. Bayani ne mai gamsarwa matuƙar masu zancen suna son abu ɗaya.

5.0 Traum da Allen: Wajibci ya Sami Gurbinsa

A watan Yuni na 1994, a taron ƙungiyar masana harshe da kwamfuta da aka yi a Las Cruces ta jihar New Mexico, David Traum da James Allen na Jami'ar Rochester suka gabatar da wata gajeriyar takarda a kan wajibai a sarrafa zance. Abin lura, wannan Allen ɗin shi ne na Toronto, wato mutum ne da ya dawo yana nuna giɓin ginin da ya sa hannu aka yi.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Baƙon da ya tsayar da mutum a titi ya tambaye shi ƙarfe nawa, wane shiri na tarayya ke tsakaninsu kafin ya buɗe baki? Babu. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne halin wanda ba ya son taimakawa. Idan aka tambayi mutum abin da ba ya son faɗa, ra'ayin niyya yana hasashen zai yi shiru ne kawai, tun da ba shi da burin da magana za ta biya masa. Amma ba haka mutane suke yi ba. Sukan ce "ba zan iya faɗa ba", ko "ban sani ba", ko su kawo wani uzuri. Hatta mai ƙi yana jin dole ya furta ƙin. Saboda haka, in ji su, akwai abu na uku ban da abin da mutum ya sani da abin da yake so, shi ne abin da ya hau kansa. Sun aro tunanin daga manɗiƙin wajibci wanda masanin ƙasar Finland, von Wright, ya assasa a 1951, mai raba ayyuka zuwa wajibi da halattacce da haramtacce. Wajibci daga al'adar jama'a yake zuwa, ba daga zuciya ba. Mutum yana iya saɓa masa idan ya ci karo da wani buri mai ƙarfi, sai dai saɓawar tana da farashi.

Ƙa'idojin da suka jera kaɗan ne. Wanda ya yi alkawari, ko ya karɓi roƙo, aikatawa ta hau kansa. Wanda aka roƙa, abin da ya hau kansa shi ne ya fuskanci roƙon, ya karɓa ko ya ƙi. Wanda aka yi wa tambaya, amsa ta hau kansa. Furucin da ba a gane ba, ko wanda aka ga kuskure a cikinsa, ya wajabta gyara. A ganinmu ƙa'ida ta biyu ce zuciyar takardar. Roƙo bai wajabta biyan buƙata ba, ya wajabta mayar da martani ne kawai. Da wannan ɗan bambanci aka raba ladabin zance da biyayya, aka kuma buɗe ƙofar ƙera na'urar da za ta iya cewa a'a ba tare da ta fita daga zancen ba.

Sun gwada ra'ayin a cikin manhajar TRAINS-93. Duniyarta 'yar ƙarama ce: garuruwa biyar na jihar New York, wato Avon da Bath da Corning da Dansville da Elmira, da layin dogo tsakaninsu, da kawunan jirgi da taragai, da siton ayaba a Avon, da siton lemo a Corning, da masana'antar matse lemo a Elmira. Mutum shi ne manaja mai son kai kaya wani gari kafin wani lokaci, na'ura kuwa mataimakiya ce da ta san inda kome yake. A cikinta akwai wani sashe mai yanke shawarar abin da za a yi, wanda yake duba al'amura bisa fifiko. Wajiban da furucin manaja ya haifar su ne a sama. Sai kuma wajibci mai rauni na kada a katse shi yana magana. Bayan wannan sai furta abin da na'urar ta riga ta ƙudura, sai nuna cewa an ji an kuma gane, sai tattauna shirin jigilar, kana a ƙarshe babban burin zancen gaba ɗaya.

Wannan jeri yana da hikimar da ba a gani da kallo ɗaya. Idan manaja ya yi tambaya amma bai saki damar magana ba, na'urar takan nemo amsar ta mayar da ita ƙudurin furuci ta ajiye, ba ta furta ba sai damar ta zo hannunta. Wato an raba ɗaukar nauyi da lokacin sauke shi. Idan damar ta zo, sai a miƙa ƙudurorin da suka taru ga sashen tsara jumla, wanda yake iya dunƙule biyu ko uku a furuci guda. Haka kuma, tun da burin na'urar na kanta yana can ƙasan jeri, ba ta kawo tata shawarar sai ta ga babu bashin magana a kanta. Daga nan wani hali ya ɓullo wanda ba a rubuta shi a matsayin doka ba: idan manaja yana ta jero tambayoyi da shawarwari, na'urar takan bi shi a baya, idan ya yi shiru, sai ta karɓi ragamar zancen. Ga kwatancin irin zancen da Hausa:

(2) Manaja: Ya kamata mu kai taragon lemo Bath kafin ƙarfe takwas na safe.
Na'ura: To.
Manaja: Akwai lemo a Corning, ko ba haka ba?
Na'ura: Haka ne.

"Haka ne" ta sauke wajibci ne, domin an yi tambaya. "To" kuwa ba tambaya ta amsa ba. Ta yi aiki biyu a lokaci guda: ta nuna an ji, ta kuma nuna an amince da shawarar.

5.1 Matsalar "To"

A nan manazarcin Hausa zai so ya dakata. A (2) mun sa "to" a gurbin kalmar Ingilishi da na'urar take amfani da ita, kuma ta zauna daram. Amma "to" ta Hausa ba kullum take ɗaukar ayyukan nan biyu tare ba. Yaron da aka aika ya ce "to" ya ɗauki nauyin zuwa. Dattijon da aka kawo wa wata shawara ya ja "too" mai tsawo, ya nuna ya ji ne kawai, wataƙila ma yana nuna shakka. Bambancin yana cikin tsawon wasali da karin sauti da matsayin masu maganar, kuma rubutu ba ya nuna ko ɗaya. Haka nan "sai na duba" ko "bari mu gani": a lafazi jinkirta amsa ne, wato bashin yana nan, amma sau da yawa a aikace ƙi ne cikin kara, kuma duka ɓangarorin sun san an rufe maganar. Na'urar da ke bin ƙa'idojin Rochester za ta ci gaba da jiran amsar da an riga an ba ta.

Ƙa'idojin kansu ma ba na duniya duka ba ne. Keenan (1976) ta nuna cewa a wani ƙauyen Madagaska ɓoye wani sashe na bayani ba laifi ba ne, domin sabon labari abu ne mai daraja, kuma mutane suna gudun ɗaukar alhakin magana. A ƙasar Hausa akwai wuraren da kunya take mayar da sunkuyar da kai amsa cikakkiya, kamar tsakanin amarya da surukanta. A ɗaya hannun, binciken Stivers da abokan aikinta (2009) a kan harsuna goma ya gano cewa a dukkansu ana gudun dogon shiru bayan tambaya, matsakaicin tazarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne, kuma amsa ta ainihi tana riga kauce-kauce fitowa. Da alama dai nauyin mayar da martani gama-gari ne, amma abin da ake lissafawa a matsayin martani, da wanda aka ɗauke wa nauyin, al'ada ce take yankewa. Wannan bai rushe ra'ayin Traum da Allen ba, tun da su ma daga al'ada suka ce wajibci yake fitowa. Ya dai nuna cewa jerin nasu na jama'a ɗaya ne.

6.0 Bayan Rochester

Daga 1998 zuwa 2000 wani aikin haɗin gwiwa na Turai mai suna TRINDI, wanda ya haɗa jami'o'i irin su Gothenburg ta Suwidin da Edinburgh ta Birtaniya, ya mayar da tunanin tsari na gaba ɗaya. Ana ajiye wani kundi na halin da zance yake ciki, kowane furuci yana sauya shi bisa ƙa'ida, kuma daga kundin ake zaɓen abin da za a faɗa. Matheson da Poesio da Traum (2000) sun sa wajibai a cikin kundin, suka kuma kawo wajibci mai sharaɗi, wato wanda ba ya hawa kan mutum sai ya karɓi abin da aka gabatar masa. Rumbun Hamblin ke nan ya dawo da sabuwar riga. Amma ko a cikin TRINDI ba kowa ya bi wannan hanya ba. Jonathan Ginzburg yana ganin abin da ke jan zance shi ne tambayar da ke kan tabarma, ba nauyin da ke kan wani mutum ba, kuma a kan wannan ra'ayi Staffan Larsson ya gina aikinsa na 2002. A zancen mutum biyu hanyoyin nan sukan kai wuri ɗaya. Bambancinsu yana fitowa ne idan masu zance sun yi yawa, inda sai an san wane ne aka tambaya. Traum ya ci gaba da amfani da wajibai a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wajen ƙera mutanen kwamfuta da ake horar da sojoji da su, inda ake da masu magana da yawa, da mai ba da umarni da mai karɓa.

7.0 Daga Ƙa'ida zuwa Ƙididdiga

Rubuta ƙa'idoji da hannu aiki ne mai cin rai, kuma duk sanda aka sauya fage sai an sake. Saboda haka Levin da Pieraccini da Eckert (2000), sannan Williams da Young (2007) a Cambridge, suka koma ga barin na'ura ta koyi dabarar zance da kanta ta hanyar lada da tara: a ba ta maki mai yawa idan buƙatar mutum ta biya, a cire mata kaɗan a kan kowane zagayen magana don kada ta ja zance. A wannan tsari kalmar wajibci ta ɓace. Na'ura tana amsawa ne domin amsawa ta fi kawo maki.

A 2015 Vinyals da Le na kamfanin Google suka horar da na'ura a kan ɗimbin maganganun finafinai, ta koyi hasashen furucin da ya fi dacewa ya biyo bayan wani. Shekara guda bayan haka Li da abokan aikinsa suka nuna wata illa mai ban dariya: irin waɗannan na'urori sun cika cewa "ban sani ba", domin wannan amsa tana shiga kusan ko'ina. Na'urar ta gano da kanta hanya mafi arha ta sauke siffar wajibci ba tare da ta ba da kome ba, wato ta koma gidan ELIZA ta wata ƙofa. Manyan manhajojin harshe irin su ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya fitar ranar 30 ga Nuwamba 2022, sun magance wannan ta hanyar sa mutane su riƙa auna amsoshi suna fifita wasu a kan wasu, na'urar tana koyo daga zaɓinsu. Sakamakon ya zarce duk abin da aka iya a 1994. Suna fuskantar roƙo, suna kuma furta ƙi idan za su ƙi, kamar yadda ƙa'ida ta biyu ta tanada, ba tare da an rubuta musu ita a siffar da Traum da Allen suka rubuta ba.

Sai dai a asalin gininsu babu wani rumbu na musamman da aka ware don lissafin abin da suka ɗauka wa kansu. Abin da suke dogaro da shi shi ne rubutun zancen da ya gabata. Wannan ya sa matsalar ta juya baya: a da ana fama da na'urar da ba ta san dole ta amsa ba, yanzu kuwa ana fama da wadda ke amsawa da cikakken ƙarfin hali ko da ba ta da masaniya, ko ta bi zaton mai tambaya maimakon ta gyara shi kamar yadda CO-OP take yi. Ƙa'idar farko ta Rochester, wadda ta ce mai magana yana ɗaure kansa da bakinsa, ita ce ta fi shan wuya, kuma tambayar wa furucin na'ura yake ɗaurewa ta riga ta isa gaban shari'a. A Nuwamba 2022 wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya saboda rasuwa. Na'urar ta gaya masa yana iya sayen tikiti ya nemi rangwamen daga baya cikin kwana 90, alhali dokar kamfanin ba ta yarda da neman rangwame bayan tafiya ba. Da ya nema aka hana shi, sai ya kai ƙara gaban kotun sasanta ƙananan rigingimu ta lardin British Columbia. Kotun ta fahimci hujjar kamfanin da cewa yana ɗaukar na'urar wata aba ce mai zaman kanta da ke da alhakin maganarta. A Fabrairu 2024 ta yi watsi da wannan hujja, ta ce kamfani ne ke da alhakin duk bayanin da ya fito daga gare shi, ko ta wace kafa, ta kuma umarce shi ya biya fasinjan dalar Kanada 812 da 'yan kai.